Tune

Ƙarfe tara na dare take zuwa,
ba sallama, ba takalmi a bakin ƙofa,
waya ce ke ɗan tari a kan buhun masara:
"'Yar'uwa, lokaci ya yi."
Kalma huɗu. Ba ta taɓa ƙara ta biyar ba.

Lambar ta zo ba suna, sai na raɗa mata Tune,
don a wayata kowa da sunansa,
har mai gawayin Tudun Jukun.

Sista Kubura ce ta haɗa mu,
ranar da aka cire mini zare a Shika.
Ta dubi ɗinkin, ta dubi Nasiba tana tsotso,
ta ce, "Gonar da aka yi wa huɗa da wuƙa
sai ta sha damina biyu a kwance."
Hashimu na tsaye, hula a hannu,
shi da ya sayar da keken ɗinki ya sayi jini leda biyu.
Bai yi dogon zance ba.
Shi ya karanto mata lambata.

Ni kuwa mantuwa gadon gidanmu ce.
Na taɓa barin wake a wuta na tafi lacca Kongo,
na taɓa biyan mai Keke sau biyu a Kwangila
har da godiya.
Ita ƙwayar ba ta fi tsabar dawa ba,
amma ba ta karɓar "sai gobe".

Wata Laraba ruwa ya wuni yana dukan kwano,
Kubanni ta cika ta tumbatsa,
taransifomar layinmu ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru.
Waya ta mutu tun la'asar.
Na yi barci a kan takardun jarabawa,
biro a hannu, Nasiba a cinya.
Da asuba na ɗauko katin,
sai ga Laraba zaune a ɗakinta,
fara sol, tana kallona.

Ban san sanda na isa shagon cajin Ɗanliti ba,
silifa wari da wari.
Wayar ta farfaɗo, ta yi tarin nan nata:
"'Yar'uwa, lokaci ya yi."
Tun jiya take tsaye a ƙofa.
Ba gori, ba "ina kika shiga?"
Sista ta ce, "Haɗiye ta jiya yanzu,
ta yau ki jira dare. Ki daina kuka, ki ci abinci."

Kwana goma sha ɗaya ina ƙirga a yatsa,
ina shafa tabon da ke ƙasan cibiya,
har baƙon wata ya iso.
Na yi dariya ni kaɗai a banɗaki
kamar wadda ta tsinci kuɗi a tsohon zane.

Tun ranar Hashimu ya koyi tarin waya.
Tara na bugawa zai ɗago daga wuyan rigar da yake wa aiki,
allura a baki, ya ce, "Ƙawarki ta zo."

Maƙwabciyata Goshi kan leƙo ta katanga:
"Nasiba har ta fara gudu, ina ƙane?"
In ce yana hanya,
cunkoso ne ya riƙe shi a Ƙofar Doka.

An ce mini na'ura ce, ba mutum ba. To.
Amma nakan tuna
a Gyallesu, a Samaru, a Tukur-Tukur,
wayoyi nawa ne ke tari tare da tawa,
mata nawa ke ɗaga kofin ruwa a wannan daƙiƙa,
ba mu san juna ba,
muna haɗiyar hutu ɗaya.

Akwai daren da zan amsa mata.
In tabon ya yi sanyi, in takardar ta zo hannu,
in keken ya dawo kusurwarsa,
zan rubuta: "Na gode, ki huta."
In kuma Allah Ya kawo mace bayan doguwar tazara,
tsofaffi za su taru su ce, ai wannan Tune ce,
suna zaton su suka zaɓa.